Jinya a Gida: Haƙƙin Majinyaci da Haƙƙin da Ke Kansa

Ga hutu ya ƙarato, nan da 'yan kwanaki ɗakunan kwana za su zama wayam, kowa ya ɗaure kayansa ya nufi tasha. Da yawa daga cikinmu idan sun isa gida, bayan an gama maraba da gaishe-gaishe, za a ja su zuwa wani ɗaki inda wani nasu yake kwance: ko tsoho wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ko gyatuma mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, ko ƙane mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kuwa yaya mai jego wadda ƙafafunta suka kumbura. Kafin ɗalibi ya gama cewa sannu, sai a miƙo masa leda cike da kwalaye da takardu, a ce, "Kai da ka yi boko, duba mana." Haka nan 'yan'uwanmu da suka riga mu gamawa suka kama aikin gwamnati, su ake bugo wa waya in magani ya ƙare, su kuma ake jira su ce a koma asibiti ko a ƙara haƙuri. Daga wannan lokaci, ko mun so ko mun ƙi, ran mutum da mutuncinsa sun shiga hannunmu. Abin da ya sa ke nan muka ga ya dace mu ware shafin ra'ayinmu na wannan fitowa don mu tattauna batun jinya a gida.

Duk wanda ya lura zai ga cewa asibiti mafi girma a ƙasar nan shi ne gida. Kwanakin da majinyaci kan yi a gadon asibiti ba su taka kara sun karya ba in an gwada su da watannin da zai yi a kan tabarma ko katifa a ɗakinsa. Dalilan kuwa a fili suke. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a suke fitowa kai tsaye, saboda haka iyali sukan roƙi sallama tun likita bai yi niyyar bayarwa ba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin kowace haihuwa 5 ko ɗaya ba ta cika ba wadda aka yi a asibiti. Sa'an nan ga cututtuka irin su hawan jini da suga da ciwon daji, waɗanda ba a gamawa da su a mako guda. Tun a taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya kusa da inda mutane ke zaune, kuma a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, daga 1985 zuwa 1992, an yi ƙoƙari ƙwarai wajen horar da ma'aikatan lafiyar al'umma waɗanda aka tsara su riƙa shiga unguwanni da gidaje. Amma ƙarancin ma'aikata ya ɗaure yawancinsu a ɗakin shan magani, sai jinyar gida ta koma hannun dangi kacokan.

To, mene ne matsayin wanda yake kwance a hannun dangi? A Hausa kalmar haƙƙi fuska biyu gare ta: akwai haƙƙin da mutum yake bi, akwai kuma haƙƙin da ke kansa. Majinyaci yana da duka biyu, kuma a ganinmu ko ɗaya daga cikinsu bai faɗi ba don an sallame shi daga asibiti.

Bari mu fara da abin da hukuma ta tanada. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa maras lafiya halin da jikinsa ke ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, da kuma ikon da yake da shi na ƙin karɓa, duk a cikin harshen da yake ji. Sashe na 26 ya hana a fallasa sirrin ciwonsa sai da izininsa ko da wani dalili da doka ta yarda da shi. A ran 31 ga Yuli, 2018 kuma, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya mai ɗauke da abubuwa 12, waɗanda aka tattaro daga dokokin ƙasa. Gaskiya ne waɗannan dokoki ma'aikatan lafiya suka hau, ba wanda zai kai goggo ko kawu ƙara a kansu. Amma fa duk nas ko malamin asibiti da ya tako zaure don ya yi allura ko ya wanke gyambo, ya shigo da dokar nan a wuyansa. Dangi kuwa, in doka ba ta kama su ba, dalilin da ya sa aka yi ta ya kama su, watau cewa maras lafiya mutum ne mai hankali da mutunci, kuma jikin da ake jinya nasa ne.

Haƙƙi na farko shi ne majinyaci ya san abin da ke damunsa. Mu duka mun san yadda ake yi: likita ya kira babban ɗa gefe ya gaya masa, babban ɗa ya gaya wa ƙannensa, kafin sati guda har maƙwabta sun ji, mai ciwon ne kaɗai ake ce wa "maleriya ce ta yi ƙarfi." Muna yin haka don tausayi, muna gudun kada zuciyarsa ta karaya. Ita ma dokar ta ba da damar a jinkirta bayani in akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa faɗin zai cutar da shi. Amma wannan togiya ce, mu kuwa mun mai da ita al'ada. Dattijon da ya riƙe gida shekara 40 ya cancanci a zauna da shi cikin ladabi a gaya masa gaskiya gwargwadon yadda yake son ji, don ya biya bashi, ya mai da amana, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda yake so. Ban da wannan, wanda bai san yana da hawan jini ba ta yaya zai gane dalilin da ya sa ake rage masa gishiri, ko ya yarda ya riƙa haɗiyar ƙwaya kullum alhali kansa ba ya ciwo?

Na biyu shi ne a nemi yardarsa. A 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo wanda ya mutunta nufin wata majinyaciya da ta ƙi ƙarin jini saboda addininta, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga halaka. In har likita da duk iliminsa ba shi da ikon ɗura wa mutum abin da bai yarda da shi ba, ina ga wanda iyakar saninsa shi ne "an ce yana da kyau"? Ba inda wannan haƙƙi ya fi shan wuya kamar ɗakin mai jego. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, inda suka danganta yawan ciwon a yankin da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi har kwana 40. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu wurare ya nuna al'amarin bai tsaya ga kanwa da wanka kaɗai ba, amma babu likitan da zai ce wa mace mai kumburi da haki ta ci gaba da shan kanwa. Duk da haka yarinya takan ce ba ta iyawa, numfashinta yana sama, a ce mata raki ne, haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Wanda ke kwance shi ya san inda ke masa ciwo, kuma in ya ce a dakata, wajibi ne a dakata a ji ta bakin masana.

Na uku shi ne rufin asiri da mutunci. Dubiya abu ce mai kyau wadda addini da al'ada suka kwaɗaitar da ita, amma an so ta da sassauci. Mukan ga ɗaki ya cika maƙil tun safe har dare, kowane baƙo sai an yaye masa zane ya ga gyambo, kowa kuma da maganin da ya taɓa ji, majinyaci kuwa yana so ya kama ruwa kunya ta hana shi magana. Yanzu ma an sami sabon salo, kuma mu matasa mu ne gwanayensa: a ɗauki hoton mutum yana kwance ba riga, ko a ɗauki takardar gwajinsa, a watsa a WhatsApp da Facebook da sunan neman taimako ko addu'a, ba tare da an tambaye shi ba. Neman taimako ba laifi ba ne, amma hoton da ya fita ya fita ke nan, zai kuwa rayu bayan an warke, lokacin neman aure ko neman aiki. Masu taɓin hankali su suka fi kowa tozarta a nan, don har yau akan sami wanda aka ɗaure da mari a bayan gida, alhali tun watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar musu da mutunci irin na kowa.

Na huɗu shi ne hannun da zai taɓa shi ya zama na wanda ya san aikin. A kowace unguwa akwai wanda ake kira likita, yana yawo da jaka, yana allura da ƙarin ruwa, ba wanda ya taɓa tambayarsa inda ya yi karatu. Lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba shi izinin yin allura ba. Allurar da aka soka a mazaunai ba a daidai wurinta ba tana iya taɓa babbar jijiyar da ta sauka zuwa ƙafa, yaro ya tashi da ɗingishi har abada. Allurar da aka yi wa wani aka maimaita wa wani tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Ƙarin ruwa kuwa, wanda mutanenmu suka ɗauka maganin kowace kasala ne, in aka yi wa mai ciwon zuciya ko ƙoda ba bisa ƙa'ida ba, ruwan yakan taru a huhunsa. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna da majalisar da ke musu rajista, haka likitoci, haka ma'aikatan lafiyar al'umma. Ba rashin kunya ba ne a tambayi mutum takardarsa, da sunan abin da zai tsira, da wanda ya rubuta shi, da kuɗin aikinsa tun kafin ya fara.

Na biyar shi ne kada a yi watsi da shi in jinya ta yi tsawo. A makon farko kowa yana rububi, bayan wata uku sai ɗaki ya koma na mutum ɗaya da ƙudaje. Wanda ba ya iya juyawa da kansa yana bukatar a juya shi kamar bayan kowace awa 2, in ba haka ba fatar ƙugu da duwawu da dunduniya ta mutu ta zama gyambo mai zurfi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana bukatar a zaunar da shi kafin a ba shi abinci don kada ya shaƙe, a kuma riƙa motsa masa gaɓoɓi kullum kada su sandare. In numfashi ya yi wuya, ko hankali ya gushe, ko jini ya ɓalle, to zaman gida ya ƙare. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, kowane irin dalili ne kuwa.

Mun san wani zai ce duk wannan tunanin Turawa ne, mu a wurinmu ciwon ɗaya na kowa ne, dangi ke yanke shawara. Mun yarda zumunci shi ne jarinmu, kuma da ba dominsa ba da dubban marasa lafiya sun mutu a wulaƙance, tun da babu wata hukuma da za ta ɗauki nauyinsu. Ba mu ce a kori dangi daga ɗakin jinya ba. Abin da muke cewa shi ne a yi shawarar a gaban mai ciwon, da shi a ciki, muddin yana cikin hayyacinsa. Ai ko a al'adarmu ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Wanda ya biya kuɗin magani ya yi abin godiya, amma kuɗinsa bai saya masa ikon rufe bakin majinyaci ba, kuma wannan gargaɗi ga sababbin ma'aikata ya fi dacewa, waɗanda albashin farko yakan sa su ji kamar su ne likitan gida.

Sai mu juya ga haƙƙin da ke kan majinyacin kansa, don ciwo bai ɗauke masa nauyi duka ba. Wajibi ne ya faɗi gaskiya ga mai duba shi: tun yaushe abin ya fara, me ya sha a kemis, wane jiƙo ko tsimi ko gari yake haɗawa da na asibiti. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa, kuma likitan da aka ɓoye wa rabin labari rabin aiki zai yi. Wajibi ne kuma in ya amince da magani ya sha shi yadda aka tsara har ƙarshe. Maganin tarin fuka wata 6 ake shansa, kyauta kuma ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati, amma da yake tari yakan lafa bayan 'yan makonni, wasu sai su ajiye. Abin da ke biyo baya shi ne tarin ya dawo da ƙwayar da ba ta jin maganin farko, wadda maganinta ya fi wuya ya fi jigata jiki, kuma ita ce zai raba wa 'ya'yansa da suke kwana ɗaki ɗaya. Yana da ikon ya ce ya gaji da wani magani, amma sai ya faɗa a fili a koma wurin likita a sake shawara. Tura ƙwaya ƙarƙashin matashi yaudara ce ga masu wahala dominsa.

Haka nan yana kansa ya kare mutanen gidansa. Mai ciwon da ake ɗauka, in an ce ya ware kwanonsa, ko ya rufe baki in zai yi tari, ko a bar taga a buɗe, kada ya ɗauka ƙyama ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, daga ɓera yake tasowa, amma yana bin jini da sauran ruwan jikin majinyaci ya kama mai jinya. Annobar korona ta 2020 ta ƙara koya mana cewa gida guda yana iya kwanciya ta dalilin mutum ɗaya da ya ƙi jin magana. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ba na zaman ɗaki ba ne.

Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ya mutunta mai jinyarsa. Zafin ciwo yakan sa faɗa, wannan kowa ya sani, ana kuma yin uzuri. Amma sashe na 21 na dokar 2014 ya ba ma'aikacin lafiya damar janye hannunsa daga wanda ke zaginsa ko dukansa ko neman lalata da shi, sai fa in mai taɓin hankali ne. Matar gida ba ta da wannan dama. Ita ce mai wankin zannuwa da kwashe bahaya da tashin dare, ba albashi ba hutu, sau da yawa kuma ko sannu ba ta samu. Akwai 'yan mata da aka cire daga makaranta don su yi jinyar kaka, shekara ta wuce ba su koma ba. Muna tambayar 'yan'uwanmu maza: wace doka ce ta ce ɗan jami'a ba zai yi wa mahaifinsa wanka ba, ko ya karɓi kwanan ɗaki na dare biyu don uwarsa ta runtsa?

Muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi da su wajabta wa kowane asibiti ya ba majinyaci takardar sallama cikin Hausa, da boko da ajami, mai bayyana sunan ciwo da yadda za a sha magani da alamomin da in an gani za a komo da gaggawa da ranar dawowa. Muna kira ga ƙananan hukumomi su maido da ziyarar gida-gida ta ma'aikatan lafiyar al'umma, su kuma buɗe wurin da talaka zai kai kuka in mai jakar allura ya cuce shi. Muna kuma ba ƙungiyarmu shawara ta nemi 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci da na jinya su shirya mana lacca a kan kula da maras lafiya a gida, don kowa ya tafi da abin da zai amfani mutanensa.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da ke hannunmu a wannan hutu. In an miƙo mana ledar nan, mu zauna kusa da mai ciwon mu karanta masa, shi ne farkon wanda ya kamata ya ji. Abin da ba mu gane ba mu ce ba mu gane ba, mu je mu tambayo, don karatun tarihi ko na injiniya bai mai da kowa likita ba. Mu sami littafi mu riƙa rubuta lokacin magani da abin da aka gani. Mu tambaye shi wa yake so ya shigo, wa yake so ya sani. Mu kuma tuna masa cikin ladabi da abin da ke kansa, ko da shi ya haife mu. Wata rana mu ne a kan tabarmar nan, wasu yara ne za su tsaya a kanmu da takarda a hannu, kuma abin da suka ga mun yi shi za su yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya kai mu gida lafiya, ya maido mu lafiya.